Luguden Sama: Tarihin Gidan Gem a Malumfashi

Innata tana da wata al'ada idan suna daka ita da abokiyar zamanta a tsakar gida. Turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan na sauka waccan na tashi. Can idan daka ya yi daɗi sai ta cilla tata taɓaryar sama, ta tafa hannu sau biyu, ta cafe, ta sauke ta a turmi daidai lokacin da ɗayar ta fito. Ban taɓa ganin taɓaren nan sun yi karo ba. Daga nan muka ari kalmar lugude. A shagon gem na yayana da ke kusa da tasha a Malumfashi, idan yaro ya ɗaga abokin faɗansa sama a talabijin, ya bi shi da duka uku ko huɗu kafin ya taɓa ƙasa, cewa muke ya yi masa lugude. Kalmar kombo sai daga baya ta zo mana, a bakin yaran da ke zuwa hutu daga Kaduna.

Na yi yaron shagon nan shekara shida, daga 1997 zuwa 2003. Ni ke shara, ni ke karɓar kuɗi idan Yaya ya fita, ni ke hura kaset idan hoto ya ƙi fitowa. Sana'a ce ƙarama, ba ta da sarki kamar ƙira ko fawa, amma ta ciyar da gidaje, ta kuma raini wata gwaninta ta hannu da ido wadda nake ganin ta cancanci a rubuta yadda ta zo da yadda ta ja baya.

Jarin shagon daga auduga ya fito, kamar jarin abubuwa da yawa a wannan yanki namu na Funtua da Malumfashi. Yaya ya sayar da tasa bayan kaka, ya hau mota ta Dayi da Gwarzo zuwa Kano, ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da talabijin mai doro inci 14 da baƙar na'ura Sega Mega Drive. Ita wannan na'ura tun 1988 ta fito a Japan. Ke nan ta iso hannunmu tana da shekara tara, duniya ta riga ta koma kan PlayStation tun 1994. Haka komai ke zuwa mana a makare, amma idan ya zo mukan cinye shi har ƙashi. Kafin ita abin da yara suka sani shi ne ƙananan na'urorin China masu kaset rawaya, waɗanda ake rubuta musu dubban wasanni a jiki alhali Mario ne da Contra da wasan tankar yaƙi ake ta maimaitawa. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, benci biyu, da labule a ƙofa don hasken rana kada ya kashe hoto.

Shi lugude a wasan faɗa ba da gangan aka ƙirƙiro shi ba. A 1991 kamfanin Capcom na birnin Osaka ya fitar da Street Fighter II. Masu haɗa wasan sun ɗan sassauta yadda na'ura ke karɓar danni, don dabarun musamman su yi sauƙin fita, sai sassaucin ya haifar da abin da ba su nufa ba: idan ka kai naushi, ka shigar da wata dabara tun hannun bai dawo ba, duka na biyu zai hau kan na farko ba tare da abokin faɗa ya samu damar karewa ba. Noritaka Funamizu, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan wasan, ya ba da labarin cewa ya lura da abin ne yana gwada wurin da ake farfasa mota, suka kuma bar shi saboda suna ganin daidaita lokacin ya yi wuyar da ba mai iyawa. Yara suka iya. Zuwa 1993 kamfanin da kansa ya fara ƙirga dukan yana rubutawa a fuskar talabijin.

Wannan duk a ƙasa ake yin sa. Na sama, wanda ya kama mu, ta Mortal Kombat ya zo, wasan da Ed Boon da John Tobias suka haɗa a kamfanin Midway na Chicago a 1992, da hotunan mutane na gaske da aka ɗauka suna tsalle suna naushi. A cikinsa, jikin da ke iska yana karɓar duka, kuma kowane duka yana ɗan ƙara ɗaga shi. Fim ɗin wasan na 1995 ya riga na'urar zuwa garinmu a kaset ɗin bidiyo, don haka ranar da Yaya ya kunna, yara sun riga sun san fuskokin. Muka raɗa musu sunaye. Sub-Zero ya zama Mai Ƙanƙara, Scorpion Mai Igiya, Raiden Mai Malafa, Liu Kang kuwa Burusli kawai. Baraka ne kaɗai ya tsira da sunansa, don yana kama da namu.

Mu 'ya'yan ƙasar dambe ne. Bayan an kai amfani gida ake kafa fage, kuma kowane yaro ya san ƙa'ida: ɗan damben da ya kai hannu ko gwiwa ƙasa an kashe shi, kiɗa ya canza, an gama. Duk basirar ɗan dambe a kai mutum ƙasa take. A talabijin ɗin Yaya abin ya juye. Ƙasa ce mafakar wanda ake duka. Muddin yana sama ba ya iya karewa, ba ya iya ramawa, fad ɗin, wato abin dannawa, da ke hannun mai shi ya zama itace. Da ya faɗi kuwa zai miƙe ya samu numfashi. Gwani shi ne mai hana mutum faɗuwa. Na daɗe ina ganin wannan ne ya sa benci ke yin tsit idan aka fara lugude, ana ƙirgawa a hankali, biyu, uku, huɗu, kamar yadda 'yan mata ke yi idan dutsen carafke yana sama.

Yadda ake biyan kuɗi shi ya tsara yadda ake koyo. Naira biyar ne wasa ɗaya. Wanda aka ci shi ke biya, ya kuma miƙa fad ga na gaba, mai ci ya ci gaba da zama. Gwani yana iya zama daga la'asar har kiran magariba bai fitar da sisi ba, ɗan koyo kuwa kowane kuskure da kuɗinsa yake saye. Murtala guda faɗuwa huɗu ce. Kuma kuɗin yara a garinmu da lokacinsa. Da damina shago fayau yake har yamma, kowa na gona, ana noman farko ana maimai ana zuba taki. Da kaka ake cika, lokacin da yaro zai yi cirar auduga ko ɓarar masara a biya shi, ko ya yi kala ya sayar a tiya. Ranakun Sallah kuwa, da kuɗin barka da Sallah a aljihun sababbin riguna, har waje ake layi. Yaya yakan ce shagonsa gona ce ta biyu, ita ma sau ɗaya take yabanya a shekara.

Babu littafin bayani. Kasusuwan tsirara suke zuwa, ba kwali ba takarda. Duk abin da muka sani daga baki ya zo, ko daga satar kallon yatsun wani. Saboda haka ne gwanaye ke cusa fad ƙarƙashin riga idan za su fitar da babbar dabara. Ni kuwa da nake wuni a wurin sai na sayi littafin rubutu mai shafi 40 na fara tarawa. Baya, baya, ƙaramin naushi: igiyar Scorpion. Ƙasa, gaba, ƙaramin naushi: ƙanƙarar Sub-Zero. Wani ya dawo daga Zariya da dabara ɗaya, wani daga Funtua da biyu, in rubuta, in gwada, wadda ta fita in sa mata alama, wadda ta ƙi in soke. Har hayar littafin nan aka riƙa nema. Ban taɓa bayarwa ya kwana ba.

Amma littafi iyakarsa ya gaya maka abin da za ka danna. Yaushe za ka danna, wannan ba ya rubutuwa, kuma nan ne lugude yake. Wanda na fara iyawa na Kabal ne, mai abin rufe fuska da ƙugiyoyi biyu, a Ultimate Mortal Kombat 3 da ya fito a Sega a 1996. Ka ruga ka isa jikin mutum, ƙaramin shuri biyu, babban naushi biyu, sannan ƙasa da babban naushi. Wannan na ƙarshe shi ke cilla shi sama. Daga nan sai ka yi tsalle ka tare shi da shuri a iska, kuma tun ƙafar ba ta gama sauka a jikinsa ba yatsanka ya riga ya fara baya, baya, babban naushi, don ƙwallon wuta ya fita kana sama ya same shi kafin ya sauka. Dannin farko guda biyar kowa na iya haddacewa a wuni ɗaya. Tsallen ne ke raba yara. Ka yi gaggawa shurin ya kauce, ka yi jinkiri ka tarar ya riga ya kwanta.

Wanda ya buɗe mini ido ɗan wani mai gyaran rediyo ne da ke layinmu, ya girme ni da shekara uku, ba ya yawan magana. Wata rana ya tsaya a bayana yana kallo ina ta zubar da mutum. Ya ce, "Ƙanena, daina kallon hannunka, hannu ya san hanya. Kalli ƙugunsa. Idan ya kai ƙarshen tashi ya fara juyowa, tashi." Na ce, "Yaya, ai kafin in gani ya wuce." Ya ce, "To rufe ido ka saurara. Naushin da ya ɗaga shi yana da ƙara. Ƙirga daga nan." A shafin ƙarshe na littafin na rubuta: idan ya juyo, tashi.

Gatan da nake da shi a kan sauran yara shi ne safiya. Bayan Asuba, idan akwai wuta, Yaya yakan ce, "Gama shara tukuna." In na gama sai in kunna wasan mutum biyu, in ajiye fad na biyu a benci ba mai riƙewa, in samu abokin faɗa da ba ya motsi. In ɗaga shi, in zubar, in sake. Sati biyu ina wannan kafin ƙwallon wutar ya fara samun sa, wata guda kafin ya zama ba na tunani. Babban yatsana na hagu ya yi kanta irin ta mai riƙe fartanya. Fad ɗinmu na farko ma mai madanni uku ne, wanda bai ishi wasan ba, sai da Yaya ya kawo mai shida sannan hannu ya sake. Idan robar ƙarƙashin madanni ta cinye mukan buɗe mu goga mata bakin fensir, ta ƙara kwana biyu.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar sana'ar. Da hunturu sai ka hura kaset sau biyar kafin ya kama. Bayan PlayStation ta zo mana, wajen 2000, sai aikin ya koma goge idon na'ura da auduga da sifirit, idan idon ya tsufa kuma a kifa na'urar a kan bayanta don ta karanta faifai. Ga ɗaukewar wuta, wadda ba ta san ana tsakiyar lugude ba. Ƙaramin janareta ya shigo, farashi ya rabu biyu, na wuta daban na janareta daban.

PlayStation ta zo da Tekken 3, na kamfanin Namco, wanda ya fito a kanta a 1998. Tsarinsa mai kyau ne: madanni huɗu, gaɓoɓi huɗu, hannun hagu, hannun dama, ƙafar hagu, ƙafar dama. A nan ne benci ya rabu gida biyu. Akwai masu ɗaukar Eddy Gordo, mai faɗan rawa na ƙasar Barazil, su yi ta latsa madannan ƙafa ba lissafi yana juyi yana cin mutane. Waɗannan muka kira su masu kirɓi, don kirɓi daban lugude daban, ko da turmi ɗaya ne. Akwai kuma masu Jin da Law da Paul da Hwoarang, masu jiran kuskure ɗaya su ɗaga ka, su raka ka da duka har rabin jininka ya tafi. Ƙololuwar abin shi ne naushin da muke kira na lantarki, na Jin da Heihachi: gaba, saki, ƙasa, sannan ƙasa da gaba tare da naushin dama a daidai ƙiftawa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa. Idan ya fita daidai wuta ke walƙiya a hannun. Mutum biyu na sani a shagonmu da ke fitar da shi idan sun ga dama. Tekken 3 yana da ɗakin atisaye inda abokin faɗa ba ya mutuwa, amma Yaya ya hana shiga da rana, don abin da ba ya ƙarewa ba a san yadda za a yi masa kuɗi ba. Daga baya ya sa masa farashi da minti, kuma masu lugude ne kaɗai ke saye.

Wata Babbar Sallah muka ɗauki gwaninmu, ɗan mai gyaran rediyon nan, muka bi ta Bakori zuwa Funtua don a gwada da yaran can. Aka ci shi sau shida a jere. Yana ɗaga mutum, sai duka na biyu ya wuce ta saman jikin wanda ya riga ya faɗi. Muka dawo ba mai magana a mota. Mahaifinsa ne ya warware mana. Talabijin irin ta Turai, wadda Najeriya ke bi, sau 50 take sabunta hoto a daƙiƙa, ta Amurka da Japan sau 60. Faifan Amurka a talabijin ɗinmu baƙi da fari yake fitowa, shi ya sa Yaya kullum na Turai yake zaɓa, shi kuwa Tekken 3 na Turai ya fi nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Yaran Funtua a na Amurka suka koya. Hannun gwaninmu bai yi kuskure ba, agogon da ya saba da shi ne daban. Tsohon ya yi wa na'urarmu wata dabara launi ya fito, muka sake koyon komai daga farko a kan saurin 60.

Iyaye ba su so shagon ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Babanmu da ya leƙo sau ɗaya ya ga yadda ake ƙarasa wanda aka ci a Mortal Kombat, jini ko'ina, bai sake shiga ba. Ba mu kaɗai ba ne: a Disambar 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan wannan wasa, Sanata Joe Lieberman na kan gaba, abin da ya kai ga kafa hukumar sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. Sai dai ni da na zauna a ciki na san jinin ba shi ne cutar ba. Cutar ita ce caca da wasu manyan samari ke ƙullawa a bayan benci a kan hannun ƙananan yara, da kuma yaron da zai baro Islamiyya ya ɓoye allo ko jaka a bayan ƙofa. Yaya ya kafa doka uku: da an kira salla a kashe, ba a shiga da kayan makaranta, wanda aka kama da caca ya bar shagon har abada. Ya rasa ciniki a kan ta ukun, bai janye ba, kuma har yau ina girmama shi a kan haka.

Ƙwallo ce ta ture faɗa. Winning Eleven na kamfanin Konami ya shigo lokacin da zinaren Atlanta na 1996 bai bar zukata ba, ga Kanu ga Okocha, ga Tijjani Babangida da aka yi masa gudun da ba mai kamo shi a gefen fili. Ƙwallo ba ta bukatar littafi mai shafi 40, kowa ya san dokarta tun daga fili. Ga mai shago kuma ta fi lissafi, minti goma ne an tashi, ba gwanin da zai kwana a kujera kyauta. Gidajen kallon ƙwallon Turai suka ƙara mata wuta. Talabijin uku da shagon ya tara suka koma ƙwallo, faɗa aka tura shi kusurwa. Lokacin da Mortal Kombat: Armageddon ya fito a 2006, wanda a cikinsa mutum biyu ke tashi sama a yi musayar duka a can, abin da muka yi shekaru muna mafarki, 'yan kaɗan ne suka tsaya koyonsa. Ni na riga na tafi karatu Zariya. Sannan waya ta zo, ta mai da kowane aljihu gidan gem. Yaya ya juya shagon zuwa sayar da taki da maganin feshi. Waɗanda suka rage a sana'ar suna nan da PlayStation 4 da ƙwallonsu, cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma ya sa kunna janareta don yara biyu ya zama asara.

A 2019 wani saurayi ɗan Lahore ta Pakistan, Arslan Siddique da ake kira Arslan Ash, ya ci gasar Tekken 7 ta EVO a Japan a watan Fabrairu, ya sake cin babbar ta Las Vegas a watan Agusta, inda ya doke Knee na Koriya ta Kudu, mutumin da aka daɗe ana ɗauka ba kamarsa. Kafin nan duniyar wasan ba ta lissafa Pakistan. A ƙananan gidajen gem na unguwa ya koya, da yara irinsa da ba wanda ya san sunansu. Na kalli wasan ƙarshen a waya ina zaune a kan buhun taki a tsohon shagonmu, kuma ɗan mai gyaran rediyon nan ne ya tsaya mini a rai. Yanzu direban babbar mota ne, yana ɗaukar masara zuwa Kudu.

A Satumbar 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Malumfashi da Funtua da Bakori. Watanni ne masu nauyi, mutane na tafiya mai nisa don kiran ɗan'uwa kawai. A cikinsu ne ɗan Yaya, mai shekara goma sha uku, wanda wayarsa ta zama ba ta da amfani, ya buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe ya ci karo da Sega da kaset ɗin da littafina. Ya jona ta a sabuwar talabijin mai faɗi, na ce a'a, irin wannan tana jinkirta hoto, hannu zai koyi ƙarya. Muka ɗauko mai doron daga ɗakin ajiya muka kakkaɓe. Na hura kaset sau huɗu ya kama.

Ya yi kwana uku da littafin. Dannin Kabal guda biyar ya haddace su a daren farko, yana ɗaga mutum yana zubarwa. Ran na huɗu ya same ni da shafin ƙarshe a buɗe.

"Baffa, mene ne idan ya juyo, tashi?"

Na ce ya ajiye fad na biyu a kan benci, ya ɗaga shi sau ɗaya kada ya bi shi, mu tsaya mu kalli ƙugunsa tukuna.